Tsohuwar da Aka Kai Eshowe

Ntumeni, farkon watan Yuni

Bhuti Bhekifa,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, yayana, kai da aikin gadin naka. Mu nan da sauƙi. Tsohuwarmu dai ƙafafun sun ƙara kumbura, yanzu ni nake ɗaga ta in kai ta wanka in dawo da ita, amma bakin nan nata yana nan daram. Jiya ma ta taga ta yi wa kajin maƙwabta tatas. Ta ce in tambaye ka ko a Rustenburg an hana 'ya'ya tunawa da iyayensu ne. Na ce zan tambaya, ga shi na tambaya.

Takarda na rubuto don na gaji da wayar da in na faɗi ɗaya sai ka faɗi goma, kuma wayar ma ba ta hannuna yanzu. Velaphi direba zai miƙa maka wannan in ya kawo fasinja.

Ranar Talata na ɗauko garin masara da wake a a-kori-kurata zan kai makarantun da nake ba abinci. A kwanar nan ta cikin gonakin rake, bayan gada, na tarar an jera duwatsu a hanya. Da rana tsaka fa, Bhuti. Kafin in ja da baya mutum biyu sun fito daga cikin raken. Ɗaya ya ɗora mini wuƙa a wuya, ɗayan ya kwashe jaka da waya. Da za su tafi, mai wuƙar ya shafa kumatuna ya ce, "Mun san ranakunki, 'yar'uwa. Sai mun sake haɗuwa." Ban ji ciwo ba, amma har yau ban manta hannun nan ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Hanyar kuma ba ta da ta biyu, in na daina bin ta tukunya ta daina hawa wuta, Mama ta daina shan magani.

Na fara koyon harbi a Empangeni, a shagon wani Moodley, zan nemi lasisi. Ka fi ni sanin doka. Bindiga ɗaya tak ake ba mutum don kare kai, lambarta a jikin lasisin, ba a canzawa sai an sake bin layi tun daga farko. Ni ƙarama nake so, wadda zan ɗaura a ƙugu ƙarƙashin rigar aiki ba wanda ya sani.

Ba izini nake nema ba. Abin da ya sa na sanar da kai shi ne libarbar Baba. Lauyan da ke rabon gado ya ce ƙarshen Agusta zai rufe fayil, in babu magajin da ya nemi a sa ta a sunansa za a miƙa wa 'yan sanda a Eshowe su narka. Tana nan cikin akwatin ƙarfen da Baba ya kafe a bango, makullin yana ƙarƙashin matashin Mama inda yake tun ranar rasuwarsa. Kai ne babban ɗa, ka zo ka san yadda za ka yi da ita.

Ƙanwarka,
Gabisile

Rustenburg, tsakiyar Yuni

Gabisile,

Na ga takardarki. Ina lafiya, sai sanyin da ke shiga ƙashi a bakin ƙofar nan. Ki gaishe da Mama, ki ce mata zan zo in na samu hutu. Na ji abin da ya same ki, Allah ya kiyaye gaba. Amma wa ya ce ki riƙa bin hanyar rake ke kaɗai? Tun bara na yi magana kika kashe mini waya a kunne.

Sannan ki gyara bakinki. Ba "libarbar Baba" ake ce mata ba sai ka ce wata tsohuwar garma, sunanta Tsohuwa, kin kuma sani. Baba da bakinsa ya ce tsofaffi biyu gare shi a gida, ɗaya tana magana tun safe har yamma ba mai saurare, ɗayar kuwa sau ɗaya take magana kowa ya yi tsit. Ranar wankin makamai bayan rasuwarsa ni na riƙe ta a bakin rafi tare da mashinsa, ni na wanke su a gaban dattawa. Ke kina cikin gida kuna dama giya, shi ya sa ba ki san nauyin abin ba. Makamin maigida ba ya barin gida.

Kin ce in zo in san yadda zan yi, kamar ba ki san inda nake kwana ba. Mu huɗu ne a ɗaki a barikin ma'aikata. Ba bangon da zan kafa akwatin ƙarfe, kamfani kuma ya hana ajiye bindigar kai a bariki, ba akwati kuwa ba lasisi. Wadda nake riƙewa a bakin aiki tasu ce, in na tashi in mayar.

To ga mafita Allah ya kawo har gida, ke ce ba ki gani ba. Kina neman bindiga, ga bindiga. Ki sa Tsohuwa a sunanki, ki kare kanki, ta zauna a gidan ubanta. Babban harsashi take ci, lamba uku-biyar-bakwai, yarinya. Tun kina sakandare nake riƙe bindiga, na san abin da nake faɗa. Ƙananan nan na cikin jakar mata, masu cin ƙaramin harsashin da ake kira tara gajere, in kika harbi ƙato mai rigar sanyi da su ɓata masa rai kawai za ki yi. Tsohuwa kuwa ko sama kika harba, duk ɓarawon da ke cikin raken nan sai ya saki fitsari. Baba ya yi shekaru yana kai shanu kasuwa da ita a ƙugu, ba wanda ya taɓa jera masa dutse.

Ki je wurin lauya a makon nan ki gaya masa na ce a sa sunanki. Kada ki tsaya sauraren mai shago, shi ciniki yake nema.

Yayanki,
Bhekifa

Ntumeni, Yuli

Bhuti,

Ina gaisuwa. Mama ta kwana biyu ba ta cin komai sai ɗan nono da tuwon masara, numfashin kuma yana yi mata nauyi in ta kwanta. Na isar da saƙonka na hutu. Ta ce hutun nan naka ya fi cikin giwa daɗewa.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun don in nemo inda ka tambayi wuyana. Layi ɗaya ka ba wuƙar da aka ɗora mini, sauran duk na ƙarfe ne. Na gode.

Duk da haka ban ƙi ta taka ba sai da na gwada. Moodley yana da irin ta Baba sak a filin harbinsa, na ce ya ba ni. Yatsana bai kai kunamar ba sai na karkace hannu, in na karkace kuma saiti ya tafi. Harbin farko na ji kamar jaki ya shure ni a wuyan hannu. Na daure na ƙarar da harsasan da ke ciki, ɗaya ne ya taɓa gefen takardar, sauran sai a tambayi tudun da ke baya. Hannun ya kumbura, kwana biyu MaZungu maƙwabciyarmu ce ta zo tana ɗaga Mama. Na kuma ɗaura ta a ƙugu na shiga mota. Siket ɗina ya zame, bakinta ya tokare kujera, ƙotar ta fito ta ɗaga riga, makaho ma ya san da abu a wurin. Ka san ƙarshenta, mako ɗaya zan gaji in jefa ta cikin jaka. Jakar kuwa ita suka fara ɗauka. Ka ga na kai wa ɓarayi Tsohuwar taka har hannu, da harsasanta.

Maganar tara gajere, ba ka yi ƙarya duka ba. Na gwada 'yar mitsitsiyar, ita ma ban so ta ba, amma ba don dalilinka ba. Ƙaramin yatsana a iska yake rataye, tana tsalle a hannu kamar fara. Sai na gwada wata matsakaiciya mai siririyar ƙota, mai cin tara dogo. Ta zauna a tafina, yatsa ya kai ba wahala, duk abin da na harba ya shiga ƙirjin takardar. Na ɗaura ta ba harsashi na zauna shan shayi da matar Moodley, har muka tashi ba ta lura ba. Ita na zaɓa.

Ka ce Baba ya yi shekaru da ita a ƙugu. Baba hannunsa ɗaya ya yi nawa biyu, kuma a kan doki yake, kowa ya gan shi da ita ya san shi. Ni mace ce ni kaɗai a mota, sakan biyu gare ni tsakanin ganin duwatsu da jin wuƙa. Ba tsoratarwa nake nema ba, so nake in dawo gida in dafa wa Mama ruwan wanka.

Baba ya raɗa maka Bhekifa, mai tsaron gado. Ka kuwa ci sunan. Sai dai gadon da ke cikin akwati kake tsaro daga nesa, wadda ke kwance a kan gado ni aka bar wa. In Tsohuwar ta dame ka haka, ka kama ɗaki a gari mai bango, ka kafa akwatinka. Sauran maza suna yi.

Gabisile

Rustenburg, ƙarshen Yuli

Gabisile,

Ina lafiya. Ki gaishe da Mama, ki daina ba ta nono da yawa, yana ƙara majina.

Lallai bakinki ya buɗe. Rana ɗaya kin je filin harbi kin dawo kina koya mini girman harsashi. Wuyan hannu sabo yake yi. Ni ma ranar farko kafaɗata ta yi shuɗi, ban gudu na nemi abin wasan yara ba. Kakarmu ta ɗauki tulun da ya fi bindigar nan nauyi daga rafi har ta tsufa, ba ta rubuta wa kowa takardar ƙorafi ba. An ba ki shayi da biskit an sayar miki da abin da ya daɗe a shago, ke kuma kina murna wai matar mai shago ba ta gani ba. To me za ta ce, ta ɓata cinikin mijinta?

In kama ɗaki a gari, in ji ki. Da wane albashin? Wanda nake tsakura ina aiko muku? Kina ganin daɗi ne ya zaunar da ni ɗaki ɗaya da ƙarti uku masu minshari?

Bari in gaya miki abin da ba ki taɓa tunani ba, tunda ke ba ke za ki tsaya ba. Duk ranar da aka yi yanka a gidan nan ni zan shiga garken shanu in tsaya in yi wa Baba da kakanni magana. In ya tambaye ni makaminsa, me zan ce? In ce an jefa shi tukunya tare da wuƙaƙen 'yan daba, an yi ƙusoshi da shi? Ina kwana da wannan tunanin ina tashi da shi. Na bar gida, na bar shanunsa sun ƙare, abu ɗaya da ya rage na hannunsa shi ma ina kallo zai tafi. Kuma kada ki ce ban damu da ke ba. Na ga mutumin da aka harba da ƙaramar bindiga sau biyu ya ci gaba da tahowa. Babbar nake so miki don na san ita ba a taho mata.

Wannan ce magana ta ƙarshe. Ranar da kika ɗauki Tsohuwa kika kai Eshowe kika bar ta a hannun mutanen nan, ba ni ba ke. Ki rubuta ki ajiye.

Bhekifa

Eshowe, Agusta

Bhuti,

A tsaye nake rubutu, Velaphi zai tashi. Yau da safe na kawo tsohuwa Eshowe, na bar ta a hannunsu. Ba yadda zan yi, nauyin ya fi ƙarfina ni kaɗai. Yadda suka yi magana ba na jin za ta sake komawa gida. In kana son ganinta ka zo kafin ƙarshen wata. Ka bar fushi, ka zo.

Gabisile

Rustenburg, Agusta

Gabisile,

Ba gaisuwa, don ba ki bar wurin gaisuwa ba.

Ashe kin yi. Ko ƙarshen watan ba ki iya jira ba, har da gudunki da sassafe. Wai nauyi ya fi ƙarfinki. Abin da ke kulle cikin akwati, a kanki yake zaune? Sannan don rainin hankali ki ce in zo in gan ta. In zo in leƙa ta tagar 'yan sanda in ɗaga mata hannu? Kin yi abin da ranki yake so tun farko, kin kuma haɗa da ba'a.

Na faɗa miki, ba ni ba ke. Kada ki kira ni, duk lambar da na ga ta gida ce ba zan ɗauka ba. Kada ki sake ba Velaphi takarda, na gaya wa masu ƙofa in ya zo su ce ba na nan. Abin da nake aiko wa Mama zai ci gaba da shiga asusunta, ba sai ya bi ta hannunki ba. Ki gaya mata sai Disamba, in na huce.

Ki riƙe 'yar tsanar taki da kyau. Ranar da kika ja kunama ƙaton ya ci gaba da tahowa, za ki tuna da ni.

Bhekifa Biyela

Ntumeni, farkon Satumba

Bhuti Bhekifa,

Ina gaishe ka, ko ba ka so. Ina fata kana lafiya, don akwai tafiya a gabanka. Wannan ban sa ta a ambulan ba. Na ce wa Velaphi in masu ƙofa suka sake cewa ba ka nan, ya tsaya a bakin ƙofar ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Tsohuwar da na kai Eshowe Mama ce. Asibiti na kai ta, numfashinta ya sarƙe da asuba na kasa ɗaga ta, sai da MaZungu ta kira maza suka sa ta a bayan mota. Da na karanta amsarka sai da na zauna a bencin asibiti na daɗe ban gane me kake nufi ba. Da na gane kuwa dariya ta zo mini, irin wadda ba ta da daɗi. Tsofaffi biyu ne a gidan nan, aka ce maka an kai ɗaya ba za ta dawo ba, ko tambayar wacce ba ka yi ba.

Na sake rubutowa, ka mayar da takardar a rufe. Na kira da wayar MaZungu, na kira da ta faston cocinmu, ka kashe. Velaphi ya zo ƙofarku sau biyu ya koma.

Kullum in an buɗe ƙofar ɗakin sai ta juyo. Da ta ga takarda a hannuna ta tambayi abin da ka ce, na ce kana gaishe ta, kana hanya. Ta dube ni ta ce, "Ƙarya kike, Gabi. A kan bindiga ya rubuto." Na ninke takardar. Can ta ce, "To ku toshe wa waccan baki ta zauna a gida, tunda ita yake so ya tarar. Ke kuma ki ɗaura wadda hannunki ya iya, ba na son a kawo mini ke da wuri."

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Ina riƙe da hannunta.

Na yi yadda ta ce. Lauya ya yarda ya jira, an cika takardun neman izini, in sun fito Moodley zai narka ƙarfe ya toshe bakin libarbar, ya kashe kunamar. In an yi haka ba ta bukatar lasisi, ba mai taɓa ta, za a rataye ta kusa da mashin Baba. Ba za ta ƙara magana ba, amma ba za ta bar gida ba. Ka samu abin da za ka gaya wa Baba a garken shanu. Abin da za ka gaya wa Mama kuma kai ka sani. Tawa matsakaiciyar na biya, tana shago tana jiran lasisi. Kafin ya fito ina bin hanyar rake a bayan motar burodi, har yau ina jin tsoro, kuma ba kai zan ƙara gaya wa ba.

Ranar Asabar za a binne ta. Dattawa sun ce babban ɗa ne zai fara sara ƙasa, ba su yarda wani ya yi ba, don haka ka zo. Ba na yafe maka ba ne, ban ma fara tunanin hakan ba tukuna. Ka taho da baƙar kwat ɗinka, ta Baba ba za ta shige ka ba.

Tsohuwarka tana nan lafiya ƙalau, ko tsatsa babu. Na san hankalinka ba zai kwanta ba sai ka gan ta da idonka, saboda haka in ka iso ka fara da can. Ban taɓa makullin ba. Yana inda yake, ƙarƙashin matashin Mama. Ka shiga da kanka ka ɗaga ka ɗauka.

Ƙanwarka,
Gabisile